Daga Dajin Bama Zuwa Bakin Ƙofar Makaranta

Da Edita ya aiko mini cewa lallai in rubuto wani abu na tarihi don wannan fitowa, sai na rasa ta inda zan kama. Ina cikin wannan tunani ranar 15 ga Janairu ta zagayo, na ga ana nuna faretin tunawa da 'yan mazan jiya a talabijin, nan take Baba mai gadinmu ya faɗo mini a rai. Waɗanda muka yi zamani tare ba za su manta da shi ba, dogon dattijon nan mai tsohuwar rigar kaki wadda kullum tana shan guga. Samanja muke ce masa, ko da yake daga baya na gane a kofur ya tsaya. Mukan bi bayansa muna buga ƙafa muna kwaikwayon maci, Allah Ya yafe mana. Amma ban taɓa jin ɗayanmu ya tambayi yadda aka yi mutumin da ya ƙetare teku ya yi yaƙi ya ƙare da riƙon makullin ƙofa ba. Malamanmu na tarihi su yi mini afuwa, sun koya mana Hitila da Cocil, amma wannan babi bai shigo manhaja ba.

Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, Turawan Ingila suna da rundunarsu ta Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya kafa tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma a ɓangarenta na Nijeriya Hausa ce harshen bariki. Da yaƙi ya yi zafi sai aka shiga ɗibar mutane ta hannun sarakuna da hakimai. Wasu da ƙafarsu suka je, wasu kuwa dagaci ne ya nuna su don ya cika adadin da aka yanka masa. Kafin a gama, 'yan Nijeriya kimanin 120,000 suka sa kaki. Da farko an kai su Gabashin Afirka, inda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu 1941, suka wuce Habasha. Bayan Japan ta mamaye Bama a 1942 (ba Bama ta Barno ba, ƙasar da yau ake kira Miyanma), sai aka kafa runduna ta 81 da ta 82 a 1943, aka tura su can ta Indiya. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, wasu bataliyoyin Nijeriya uku suka bi dakarun Cindit na Janar Winget a 1944, sa'an nan a Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Miyohan. Wanda ya san barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, ko na Cindit a Zariya, to, daga can sunayen suka samo asali.

A nan akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne ya raba rabon mutane bayan an dawo. Dajin Kaladan ba hanyar mota. Abinci da harsashi jirgin sama ke jefowa, sauran aiki kuwa kai da wuya ne, saboda haka aka ware dubban sojoji aikinsu ɗaukar kaya da sare daji. Yawancin waɗanda aka ɗiba daga ƙauyukan Arewa, ko dai masu riƙe bindiga ne ko masu ɗaukar kaya. Aikin akawu, da na waya, da tuƙi, da kanikanci, da jinya, galibi ya tafi ga waɗanda suka taɓa zama a aji, su kuwa a wancan zamani sun fi yawa a Kudu.

Japan ta miƙa wuya a Agusta 1945, amma saboda ƙarancin jiragen ruwa, da yawa ba su ga gida ba sai cikin 1946. Aka sauke su a Ikko, aka ba kowa littafin sallama da ɗan kuɗin sallama, aka zuba su a jirgin ƙasa. Ƙasar da suka tarar ba ita suka bari ba. Kaya sun yi tsada, har ma'aikata sun yi yajin aikin gama-gari na fiye da wata guda a 1945 a kan tsadar rayuwa. Mutumin da albashinsa bai wuce sule guda a rana ba, me zai tara? Ɗan abin da ya zo da shi, aure ya ci rabi, 'yan'uwa da maroƙa suka ci saura. Mai dabara ne ya sayi keke ko teloli ya kama sana'a.

Ba za a ce gwamnati ba ta yi komai ba. A 1945 ta yi doka wadda ta tilasta wa ma'aikatu da kamfanoni su keɓe wa tsofaffin sojoji wani kaso na guraben aiki, aka buɗe ofisoshin rajista, a 1946 kuma aka kafa ƙungiyar kula da jin daɗinsu. Sai dai lissafin Turawa shi ne yawancinsu za su koma gona su yi shiru, a ci gaba da noma gyaɗa da auduga. Da yawa sun koma ɗin. Amma wanda ya saba da albashi a ƙarshen wata, da takalmi, da abinci a kan lokaci, ya ga Bombai da idonsa, ba lallai ne fartanya ta sake riƙe shi ba. Masu rajista suka ninka guraben da ke akwai. Direbobin soja suka fi motocin ƙasar yawa. Wanda kuwa aka tambaye shi sana'arsa ya ce harbi, ko ɗaukar akwatin harsashi a ka, sai akawu ya rubuta shi a layin leburori.

A Arewa babban mai ɗaukar aiki shi ne En'e, ita kuwa kujerunta na alƙalami suna hannun 'ya'yan sarauta da waɗanda suka fito Midil. Abin da ya rage wa tsohon soja shi ne aikin da ke bukatar tsayuwa da ɗamara: ɗan doka, gandiroba, masinjan Di'o, mai gadin kanti ko asibiti ko makaranta. Har ila yau ga wani nauyin, ana yi masa kallon ɗan bariki, wanda ya saba sara wa Bature a tsaye, ba a tabbatar zai tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa ba. Wasu kuma sun dawo da ciwon da ba a gani, su yi ta firgita cikin dare, mutanen gari su ce Bama ta taɓa su. Marubucin nan haifaffen Kafancan, Biyi Bandele, ɗan irin waɗannan sojoji ne, kuma labaran mahaifinsa ne suka sa ya rubuta littafinsa Burma Boy a 2007.

Don a ga bambancin, a dubi Isaac Fadoyebo, mutumin ƙasar Owo. Ya shiga soja yana yaro bayan ya yi firamare, aka sa shi aikin jinya. A 1944 Japanawa suka harbe shi a bakin kogin Kaladan, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi wata tara. Ya dawo da ɗingishi, amma da yake yana da karatu, ya sami aikin gwamnati a Ikko, har ya rubuta tarihinsa da hannunsa. Shi ya sa muka san sunansa.

Inda abin ya kai ga jini shi ne Ankara ta ƙasar Gana. Ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano za su kai wa Gwamna kukansu a kan fansho da rashin aiki, wani hafsan 'yan sanda Bature ya buɗe wuta, aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta 'yancin ƙasar. Ana yawan cewa tsofaffin sojoji ne suka kawo siyasar neman mulkin kai. A ganina an ɗan zuzuta. Yawancinsu aiki suke nema da cika alkawari, 'yan siyasa ne suka iya amfani da fushinsu.

Da Yaƙin Basasa ya tashi a 1967, an sake kiran waɗanda ke da sauran ƙarfi, sojan Nijeriya ya kumbura daga wajen 10,000 zuwa kimanin 250,000, aka kuma komawa gidan jiya wajen sallama. Wannan sai wata fitowar.

Muna aji biyar, wata ranar Asabar Baba ya kira ni ɗakinsa na bakin ƙofa. Ya buɗe wani gwangwani, ya fito da lambobinsa da littafin sallama a naɗe cikin tsumma, ya ce, "Ɗana, karanta mini abin da Bature ya rubuta a kaina." Shekara ashirin da wani abu yana ajiye da shi, bai taɓa ba ɗalibi ba don gudun dariya. Na karanta masa: hali, mai kyau ƙwarai. Ya gyaɗa kai. Gurbin sana'a kuwa layi kawai aka ja. Ya tambaye ni me aka sa a wurin, na ce ba a sa komai ba. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in maimaita masa na farkon.

Duk wanda ya san inda iyalansa suke, don Allah ya sanar da Sakataren ƙungiya kafin taronmu na gaba.