Daga Zangon Fatake Zuwa Shingen Korona

Tun kafin zuwan Turawa, Parakou da Djougou, a arewacin Jamhuriyar Benin ta yau, zangon fatake ne a kan hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja. Ayari kan sauka a unguwar baƙi, madugu ya gaida sarki, ya biya kuɗin wucewa, sannan a ba shi hanya. A kan tsaida baƙo ne domin dukiyarsa. A shekarar 2020 kuwa, domin numfashinsa aka tsaida shi.

Ranar 16 ga Maris aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Benin. Washegari gwamnatin Patrice Talon ta taƙaita ba da biza, ta hana ƙetare iyakokin ƙasa sai da lalura, ta kuma wajabta killace duk wanda ya sauka daga jirgin sama har kwana 14 a otal. Ɗan ƙasa hukuma ce ke biya masa, baƙo kuwa daga aljihunsa.

Wannan doka a Kwatano ta yi aiki, domin can jiragen waje ke sauka. Filin jirgin Tourou, da aka gina kusa da Parakou a zamanin Boni Yayi, bai zama ƙofar baƙi ba. Matafiyin arewa ɗan mota ne, shi kuma ta ƙasa aka tare shi. Najeriya ta riga ta rufe iyakokinta tun Agustan 2019 saboda fasa-ƙwauri, Nijar ta rufe nata a Maris ɗin 2020.

Ranar 30 ga Maris aka ƙara wani shinge a cikin ƙasar kanta. Talon ya ce Benin ba ta da ƙarfin kulle jama'a a gida kamar ƙasashe masu arziki, sai aka zagaye Kwatano da Porto-Novo da garuruwan kewayensu: kaya su wuce, mutane su dakata. Ɗan kasuwar Djougou da ke sarin kaya a Dantokpa ya wayi gari yana neman izini kafin ya shiga babbar kasuwar ƙasarsa.

An ɗage shingen ranar 11 ga Mayu. A waɗannan makonni shida, iyakar da ta fi damun mutanen tsohuwar hanyar goro ba ta kan taswira.