Ƙafafu Masu Naɗewa na Ƙananan Jiragen Rimot a Kan Rairayin Maigatari da Gumel: Nazarin Lissafi

Tsakure

Maƙalar ta duba ƙafafun sauka masu naɗewa da ake ɗaura wa ƙananan jiragen sama masu rimot, irin waɗanda ake ƙerawa su yi kama da jirgin gaske. An yi lissafi a kan jirgi mai nauyin kilo 5, aka ga gudun da naɗe ƙafa ke ƙara masa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, alhali nutsewar taya da santimita 1 a rairayi na iya ɗora wa sakatar ƙafar gaba ƙarfin da ya kai niyuton 600. Matsayar maƙalar ita ce, a ƙasar jigawa, ɓangaren da ƙafar gaba ke naɗewa ya fi irin injin da ke naɗe ta muhimmanci.

Gabatarwa

Jiragen farko da suka sauka Kano a watan Nuwamba na 1925 guda uku ne, ƙirar DH.9A, na sojan saman Ingila, sun taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Ƙafafunsu kafaffu ne, tayoyinsu manya, shi ya sa fili na ƙasa ya ishe su. Yau matashin da ke sha'awar ƙera jirgi a Arewa ba irin wannan yake mafarki ba. Ya ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi da ya haɗa helikwafta da tarkacen mota a Kano a 2007, ya ji labarin jirage marasa matuƙi Gulma ta 2013 da Tsaigumi ta 2018 da sojan saman Nijeriya suka fitar a Kaduna, ya kuma ga hotunan Super Tucano da suka fara isowa a 2021. Abin da yake so shi ne ɗan jirginsa ya tashi, ya ɗauke ƙafafunsa ya cusa a ciki kamar na gaske.

An zaɓi Maigatari, Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar saboda dalilai biyu. Na farko, Yankin Ciniki Mara Haraji na Maigatari, wanda gwamnatin Jihar Jigawa ta kafa da lasisin hukumar NEPZA, wuri ne da doka ta ba da damar shigo da kayan haɗi ba tare da kuɗin fito ba, don haka duk mai tunanin ƙaramar masana'antar haɗa irin waɗannan jirage zai waiwaye shi. Na biyu, ƙasar yankin rairayi ce, filin da yaro zai samu kuwa ba kwalta ba ne, filin ƙwallo ne ko gonar da aka girbe gero.

Bitar ayyukan da suka gabata

A kan manyan jirage an yi rubutu mai yawa, kuma ba a nan saɓanin yake ba. Gwajin da hukumar NACA ta Amurka ta yi a ramin iskarta na Langley, wanda ya fara aiki a 1927, ya nuna ƙafafun jirgin Sperry Messenger su kaɗai na jawo kusan kashi 40 cikin 100 na turjiyar iska. Daga nan Boeing Monomail na 1930 da Lockheed Orion na 1931 suka fito da ƙafafu masu naɗewa.

Aikin da ya fi shafar wannan bincike shi ne na Walter Vincenti, wanda ya fito a mujallar Technology and Culture a 1994. Vincenti ya bi diddigin dalilin da ya sa John Northrop ya tsaya a kan kafaffiyar ƙafa mai sutura a jiragensa Alpha da Gamma, lokacin da wasu ke rububin mai naɗewa. Ya nuna ba taurin kai ba ne. A gudun wancan zamani, suturar na rage turjiya kusan yadda naɗewa ke yi, ga sauƙin nauyi, ga arha, ga rashin wahalar gyara. Sai da gudu ya ƙaru, aka kuma samu zoben roba da ya hana man haidirolik yoyo, sannan mai naɗewa ta yi rinjaye. Har yau jiragen da ke aiki a filayen karkara, irin Twin Otter da Cessna Caravan, kafaffun ƙafafu gare su, haka ma Air Beetle da aka haɗa a Kaduna don horar da matuƙa.

Inda nake da ja shi ne da ra'ayin da ya mamaye littattafan kamfanoni da bakin masu sha'awar sana'ar, cewa babbar tambaya ita ce: ƙafar iska za a saya, irin ta Robart, ko ta lantarki, irin ta E-flite, ko wadda injin sarbo ke ja da waya? Wannan muhawara ta masu filin ciyawa da kwalta ce. Su ƙasa ba ta dame su ba, shi ya sa suka tattara hankalinsu a kan abin da ke motsa ƙafar. Wanda ya kwaso muhawarar tasu ɗungurungum ya kawo Gumel zai kashe kuɗi a kan amsar tambayar da filinsa bai yi masa ba. Kuma hujjar da suke yawan kafawa, wai naɗewa na ƙara gudu, ita ce mafi rauni a wannan sikeli, kamar yadda za a gani. Dalili na gaskiya shi ne kamanni, kuma ba abin kunya ba ne: a gasar F4C ta hukumar FAI, ana ba da maki a kan yadda ƙaramin jirgi ya yi kama da na asali a ƙasa da kuma a sama.

Hanyar bincike

Lissafi aka yi da ƙa'idojin fiziks da aka sani. An ɗauki kwaikwayon Super Tucano a sikelin 1 bisa 6: faɗin fiffike mita 11.14 ya koma 1.86, shimfiɗar fiffike murabba'in mita 19.4 ta koma 0.54. An ƙaddara nauyi kilo 5, taya mai faɗin santimita 9, ƙafa mai tsawon santimita 15, da bugun sauka ninki uku na nauyin jirgin. An ɗauki zafi digiri 40, irin na Afirilu.

Sakamako na farko: iska

A wannan zafi da tsayin yankin daga teku, kaurin iska ya kai kilo 1.08 a kowace mita kubik, maimakon 1.225 da littattafai ke ɗauka. Gudun da jirgin ke buƙata kafin iska ta ɗauke shi ya tashi daga mita 12.2 zuwa 13 a daƙiƙa, ƙarfin da zai iso ƙasa da shi kuwa ya ƙaru da kimanin kashi 13. A gudun mita 25, ƙafafu uku a miƙe na jawo turjiyar niyuton 2.2 cikin jimlar 8.6. Idan aka naɗe su, gudu zai tashi daga kilomita 90 zuwa 99 a awa. Mai riƙe da rimot a bakin fili ba zai ga bambancin da idonsa ba. Nauyin giram 300 da na'urar za ta ƙara kuwa zai ɗaga gudun sauka da kashi 3, a daidai lokacin da ake son jirgi ya iso a hankali.

Sakamako na biyu: rairayi da sakata

Duk manomin yankin ya san bambancin fako da jigawa. A fako taya na gangarawa, jan da ƙasa ke mata ɗan kaɗan ne. A jigawa tayar nutsewa take yi, ta tara tudun rairayi a gabanta, sai ya zama kowane juyi hawa take yi. Idan aka ɗauki tudun a matsayin dandamali mai tauri, lissafin da'ira ya nuna taya mai santimita 9 da ta nutse santimita 1 na fuskantar ja da baya da ya kai kashi 81 cikin 100 na nauyin da ke kanta. In ta nutse santimita 1.5, jan ya zarce nauyin, ya kai kashi 112. Taya mai santimita 13 a nutsewar santimita 1 na samun kashi 63, mai santimita 7 kuwa, irin da ake sa wa ƙafar gaba, kashi 98.

Bugun sauka ninki uku ya kai niyuton 147. Da zarar tayoyin baya sun cije a rairayi, jirgin zai dungura gaba, rabin wannan nauyi, wato niyuton 74, na iya faɗawa kan ƙafar gaba. Ko da an sa mata babbar taya ta santimita 9, jan bayan ya kai niyuton 60. A ƙarshen ƙafa mai santimita 15, wannan murɗi ne na niyuton-mita 9 a gindinta. To sakatar da ke kulle ƙafar a miƙe ba ta wuce santimita 1.5 daga ƙusar da ƙafar ke juyawa a kai ba. Ke nan ɗan ƙarfen da bai kai tsinken ashana tsawo ba zai ɗauki niyuton 600, fiye da buhun siminti a rataye a jikinsa, cikin ƙiftawar ido.

Wannan adadi ya shafi ƙafar da ke naɗewa baya ne kawai, kuma a nan maƙalar ta fi tsayawa. Ƙafar gaba mai naɗewa baya, rairayi na tura ta ne daidai ɓangaren da aka yi ta don ta lanƙwashe. Babu abin da ke tsakaninta da rushewa sai sakata. In ta lantarki ce, nauyin kan sauka kan ɗan noti na tagulla da ke tafiya a kan sanda mai zare, zaren ya cinye. In ta iska ce, ƙusar kulle ta kauce ko ramin da take shiga ya faɗaɗa, ƙafar ta fara rawa, har ranar da za ta kwanta farfela ta ci ƙasa. Amma ƙafar da ke naɗewa gaba, wannan ja da baya ɗin shi ke ƙara danna ta a jikin madogararta. Madogarar kuwa ana iya yin ta da katako mai falle-falle ko guntun alminiyam mai faɗi, a nesanta ta da ƙusar juyi zuwa santimita 4, nauyin ya sauko zuwa niyuton 225, ya kuma bazu a bango maimakon ya taru a wuri guda. Sakatar ba ta da sauran aiki sai hana ƙafar lilo. Manyan jirage irin Boeing 737 da Airbus A320 ƙafar gabansu gaba take naɗewa, don in haidirolik ya mutu iska ta taimaka ta miƙe ta. Abin da iska ke yi musu a sama, rairayi zai yi wa ɗan jirginmu a ƙasa.

Saboda haka a ganina zaɓin farko ba na injin naɗewa ba ne, na jirgin da za a kwaikwaya ne. A duba hoton jirgin asali a ga inda ƙafar gabansa ke shiga. In baya take shiga, mai ƙira na da zaɓi biyu: ya saɓa wa kamannin ya juya ta, ko ya yarda fako kaɗai zai riƙa sauka. Na fi son na farko, domin mai kallo daga ƙasa da wuya ya lura, karyewar hancin jirgi kuwa kowa zai gani.

Ƙafafun baya labarinsu daban ne, don gefe suke naɗewa. Murɗin ba ya bi ta sakata, haƙarƙarin fiffike yake nufa. In tazarar sukurorin da ke riƙe da ƙafar santimita 3 ce, niyuton 300 ke ƙoƙarin tumɓuke su. Shawarar da lissafin ya ba da ita ce a zaɓi abin da zai fara sallamawa. Wayar sifirin mai kaurin milimita 5 na ɗaukar matsin megafaskal 733 a wannan murɗi, ta lanƙwasa ta dawo. Mai milimita 4 na kai wa 1,430, a bakin inda za ta lanƙwashe ta zauna. Sandar walda ko rodi, waɗanda suka fi sauƙin samu a wurin masu walda, tun kafin su kai na farkon suke sallamawa, don haka kada a fara. Waya ta lanƙwashe a miƙe ta da filaya ya fi fiffike ya tsage. Sai dai ƙafar da ta ɗan karkace ba za ta shiga raminta ba, injin zai yi ta turawa yana shan batir, kuma in batirin ɗaya ne da na karɓar umarnin rimot, jirgin ya tafi ke nan. A raba musu batir.

Ƙura da ƙarangiya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kawo ƙura daga kwarin Bodele na Chadi. Ƙwayar yashi na da taurin 7 a ma'aunin Mohs, tagulla da alminiyam kuwa kusan 3. Giris da kamfani ya shafa a sandar mai zare zai kama ƙurar ya zama abin goge ƙarfe. A wanke shi, a goga garin bakin fensir. Bayan damina ƙarangiya na maƙalewa a taya ta shiga rami da ita, tsidau kuma na kafewa a tayar soso, don haka ramin taya ya fi tayar faɗi da aƙalla milimita 5 ta kowane gefe, ko da kamannin ya ɗan ragu. Masu buga kayan haɗi da firintar roba su sani PLA na laushi a wajen digiri 60, zafin da cikin jirgi da aka yasar a rana zai iya kusanta.

Iyakokin bincike

Dole a amince cewa lissafin ya ɗauki tudun rairayi kamar abu mai tauri, alhali rairayi na watsewa, don haka niyuton 600 iyaka ce ta sama. Nauyin jirgi, bugun sauka da turjiyar jiki ƙaddarawa aka yi, ba aunawa ba. Duk da haka, ko an rage adadin da rabi, bambancin ƙafa mai naɗewa gaba da mai naɗewa baya yana nan, domin daga alƙiblar ƙarfin ya fito. Abin da ya rage shi ne a ja taya mai nauyi da ma'aunin rataye a fako da jigawa, a rani da damina, aikin da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ko ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja za su iya yi ba tare da jirgi ya tashi ba. Gwajin tashi kuwa sai da izini, domin tun 2016 hukumar NCAA ta shardanta amincewarta da ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma Maigatari a bakin iyakar Nijar take.