Abincin Lokutan Shekara a Katsina

Abincin lokutan shekara a Katsina shi ne yadda girki da cimar mutanen birnin Katsina da ƙauyukan da ke kewaye da shi suke sauyawa daga damina zuwa kaka, zuwa hunturu da bazara. Katsina tana arewacin Najeriya, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, inda ruwan sama ba ya wuce kimanin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin shekara rani ne. Saboda haka mafi yawan abin da ake ci ana noma shi ne a ɗan gajeren lokaci, sannan a busar a adana, kuma wannan shi ya tsara tukunyar gida.

Damina

Damina lokacin ɗanyen ganye ce. Bayan ruwa ya zauna, tafasa da rama da lalo da yakuwa da alayyahu sukan fito a gonaki da bayan gari, zogale kuma ya yi sabon toho. Ana dafa tafasa ko rama ko zogale a matse ruwan, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da gishiri da albasa da yaji, shi ne kwaɗo. Ana kuma zuba ganyen a dambu da fate. A lokacin ne ake samun miyar ɗanyar kuɓewa da ta karkashi. Shanu sun samu ciyawa, don haka nono da man shanu sukan wadata, kuma zabi a damina suke ƙwai, shi ya sa dafaffen ƙwan zabi yake cika tashoshin mota a watannin nan.

Duk da wannan kore, damina ita ce lokacin da abinci ya fi wuya a gidan manomi. Hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na bana bai nuna ba, ga aikin noma mai cin ƙarfi, ga farashin gero da dawa ya kai ƙololuwa a kasuwa. Yawan kwaɗo da fate a watan Yuli da Agusta ba marmari kaɗai ba ne: ganye yana ƙara wa ɗan hatsin da ya rage auki. Masu bincike biyu sun yi rubutu a kan haka daga ƙauyukan da ke dab da birnin. Polly Hill ta yi aiki a Batagarawa, ta wallafa Rural Hausa a 1972, inda ta nuna yadda talakan manomi yake sayar da hatsinsa da araha da kaka, ya dawo ya saya da tsada da damina. Michael Watts kuma ya yi nasa a Kaita, littafinsa Silent Violence ya fito a 1983, yana bayanin yunwa a arewacin Najeriya, har da ta 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba.

Ƙuncin yakan fara sauƙi idan gero ya nuna, wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Sabon kan gero da aka gasa a wuta aka murje shi ake kira tumu. Tare da shi ake samun gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa.

Kaka

Daga Oktoba zuwa Nuwamba ake girbin dawa da maiwa da wake, a ɗaure hatsi dami-dami a zuba a rumbu. Hatsi yana araha, kabewa ta nuna, don haka miyar taushe takan yawaita, haka ma ɗanwake da shinkafa da wake. Dankalin Hausa da rogo suna shigowa kasuwa. Fara ma a wannan lokaci take yawa. Ana soya ta da yaji, wadda ake sayarwa a birni kuma wani ɓangarenta daga Nijar ake kawo shi.

Shanya da adana

Babban aikin mata a ƙarshen damina da kaka shi ne shanya. Ana tsinko ganyen kuka a busar da shi a inuwa don kada korensa ya tafi, a daka a tankaɗe. Ana yayyanka kuɓewa a shanya, haka karkashi da zogale da rama da zoɓo da barkono. Lawashin albasa idan aka daka aka dunƙula aka busar, ya zama gabu. Busasshen tumatir kuwa sunansa kauɗa. Daddawa ana yin ta da kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, akwai kuma daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa.

Harshen kansa ya nuna wanne ne ya fi zama abincin yau da kullum. Idan aka ce miyar kuka, ba wanda zai tambaya ɗanya ko busasshiya, an san garin ake nufi. Mai son ɗanyen ganyen shi ne sai ya ƙara kalma ya ce ɗanyar kuka. Busasshen ya mallake sunan, domin shi ake ci mafi yawan shekara.

Ba ƙasar Hausa kaɗai ke da wannan dabara ba. Duk inda lokacin samun abinci ya gajarta, mutane sukan koma ga busarwa. A tsibiran Lofoten na arewacin Norway, ana kama kifi mai yawa a watannin sanyi, a rataye shi a kan katakai daga wajen Fabrairu zuwa Mayu har iska ta busar da shi ba tare da gishiri ba. Najeriya na cikin manyan masu sayen wannan kifi, sai dai an fi cin sa a kudancin ƙasar. A can iska mai sanyi ke yin aikin, a Katsina kuwa rana ce da busasshiyar iskar hunturu.

Hunturu da noman rani

Daga Disamba zuwa Fabrairu ana sanyi da hazo. Koko da kunu mai zafi da ƙosai su ne karin kumallo, da dare kuma tuwon dawa ko na masara da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa. Rake yana yawa, ga 'ya'yan itatuwan daji irin su magarya da aduwa da goruba da kanya.

Noman rani ya sauya wannan lokaci sosai. Akwai lambuna a gefen birni, a wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri, akwai kuma noman ban-ruwa a madatsun Jibiya da Ajiwa da Zobe. Daga nan tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da latas da kabeji suke shigowa kasuwa, har ya zama kayan miya sun fi araha a tsakiyar rani, sun fi tsada da damina. A lokacin arahar ne ake yin kauɗa. Wannan wadata ba ta da tabbas: a 2016 tsutsar tumatir da masana ke kira Tuta absoluta ta lalata gonaki a jihohin arewa da dama, har da Katsina, farashi ya yi tashin gwauron zabi, gidaje da yawa suka koma ga kauɗa da tumatirin gwangwani.

Bazara

Maris zuwa Mayu zafi ne mai tsanani, jiki ba ya son abinci mai nauyi da rana. Fura da nono, wadda Katsinawa da yawa ke furtawa hura, da kunun zaƙi da zoɓo su ne kan gaba. Mangwaro yana nuna, ɗorawa ma haka. Yara su sha garinta, a ajiye kalwar don daddawa.

Abincin watannin Musulunci

Akwai lissafi na biyu da ba ya bin ruwan sama. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka azumi da salloli suna zagaya yanayin shekara gaba ɗaya cikin kusan shekara 33. Azumin shekarar 2000 ya zo a hunturu, na 2010 a tsakiyar damina, na 2024 kuma a bazara. Kunun tsamiya da ƙosai ba sa sauyawa a buɗa-baki, amma abin da ke gefensu yana sauyawa: azumin bazara na kankana ne da ƙanƙara, na damina kuwa yana zuwa da tsadar hatsi.

Da ƙaramar salla ana yin tuwon shinkafa da miyar taushe, da waina da funkaso, a rarraba wa maƙwabta da dangi. Da babbar salla ana soya naman layya ya soyu sosai don ya daɗe, wasu su yi dambun nama ko kilishi. Idan layya ta faɗo a damina, shanya nama kan yi wuya saboda laima, sai a dogara ga suya. Gidaje da yawa sukan ajiye jelar ragon layya har ranar 10 ga Muharram, a dafa ta a tuwon cika-ciki.