Tsarin duba yaro gaba ɗaya da cikas ɗin da yake fuskanta a Birnin Gwari

A tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun UNICEF suka fito da tsarin IMCI, Najeriya kuma ta karɓe shi a 1997. Manufarsa ita ce ma'aikacin lafiya ya duba yaron da bai kai shekara biyar ba daga sama har ƙasa, kada ya tsaya kan abin da uwa ta kawo kuka a kai. Yaron da aka kawo da zazzaɓi yana iya kasancewa da gudawa, nimoniya, ƙyanda ko tamowa a lokaci guda.

Ana fara neman alamomin haɗari huɗu: kasa shan nono ko ruwa, amayar da duk abin da ya ci, jijjiga, da dogon suma ko kasala mai tsanani. Daga nan a ƙirga numfashi. Numfashi 50 ko fiye a minti ga jaririn wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar nimoniya ce. Sai a auna damtse da ma'aunin tamowa, a duba katin rigakafi, a sa yaron a ɗaya daga cikin launuka uku: kore, a kula da shi a gida, rawaya, a yi masa magani a asibitin, ruwan hoda, a ba shi maganin farko a tura shi babban asibiti nan take.

A wannan launi na uku ne matsalar Birnin Gwari take. An gina tsarin ne bisa zaton cewa akwai hanya, akwai abin hawa. Shekaru da dama hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, mai tsawon sama da kilomita 100 ta Buruku da Udawa, ta zama tarkon 'yan bindigar da suka yi sansani a dazuzzukan Kamuku da Kuyambana. Ƙauyuka sun tashi, ma'aikata sun guje wa aiki a karkara, ƙananan asibitoci da dama sun rufe. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin jiha ta katse layukan waya a yankin, ta kuma hana hawa babur. Dalilin tsaro ne, amma babur shi ne motar ɗaukar marasa lafiya ta mutanen ƙauye, kuma yaron da ke jijjiga da tsakar dare ba ya jiran gari ya waye.

Ko hanya na lafiya, sauran cikas na nan. Horon asali na kwana 11 ne, yana da tsada, wanda aka horar kuma sau da yawa akan yi masa canjin wurin aiki. Cikakkiyar dubawa na cin lokaci, ma'aikaci ɗaya da dogon layi a gabansa kuwa yakan taƙaita. Idan amozilin, zinki ko kayan gwajin maleriya suka yanke, iyaye kan koma kemis, inda ba kasafai ake ƙirga numfashi ba.

Sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a Nuwamban 2024 ya buɗe hanyar da kasuwar kara. Maido da ma'aikatan da suka bar karkara da sake cika ɗakunan magani aiki ne da zai ɗauki lokaci fiye da buɗe kasuwa.