Wa Ke Yanke Ma'anar Alamar Tarawa?

Alamar + ba ta kai tsufan da ake zato ba. Lokacin da Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi zalla yake cewa a tara wannan, a cire wancan. Sai a 1489 alamomin + da − suka fara bayyana a bugaggen littafi, na Johannes Widmann a Leipzig ta Jamus, kuma rara da giɓin kayan 'yan kasuwa suke nunawa a can. Alamar = kuwa Robert Recorde ya kawo ta a 1557.

Da kwamfuta ta zo, masu shirya manhaja suka ari alamomin nan suka ba su aikin umarni. A harshen FORTRAN na kamfanin IBM, wanda ya fito a 1957, = ta daina nufin "daidai da", ta koma "zuba wannan a cikin wancan". Shi ya sa ake rubuta x = x + 1, abin da malamin lissafi zai ja wa jan biro. Harshen C ya bi sahu, dole ya yi amfani da == don tambayar ko abu biyu sun yi daidai.

Babban sauyi daga Oslo ta Norway ya faro. A 1967 Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fitar da Simula 67, inda ake haɗa bayani da ayyukan da suka dace da shi cikin ƙunshi guda, a kira shi "abu". Alan Kay da abokan aikinsa a cibiyar Xerox PARC ta Amurka suka kai tunanin ƙarshensa da Smalltalk a shekarun 1970. A wajensu, 3 + 4 saƙo ne: an aika wa 3 cewa ga 4, tara. Shi abin da aka aika wa ne ya san yadda zai amsa. Sun riƙe ƙa'idar har ta yi tsauri, domin 2 + 3 * 4 tana ba da 20 a Smalltalk, ba 14 ba: saƙonni daga hagu zuwa dama suke tafiya, ninkawa ba ta da fifiko.

Amfanin wannan tunani a fili yake. Mu a rediyo, shirin da ya fara 7:40 mai tsawon minti 35 yana ƙarewa 8:15, ba 7:75 ba. Lokaci yana da tasa tarawar. Haka manomin auduga a Hasahisa, inda Hausawa suka daɗe suna noma a aikin ban ruwa na Jazira da aka buɗe a 1925: yana tara fadan da fadan na gona, kantari da kantari na auduga, amma ba zai tara fadan da kantari ba. Abu mai kyakkyawan tsari yana koya wa alamar + wannan hankalin, ya kuma ƙi haɗin da bai dace ba.

Bjarne Stroustrup ya ba kowane mai shirya manhaja wannan iko a C++, harshen da ya samu sunansa a 1983 daga alamar ++ mai nufin ƙara ɗaya. Nan rigima ta tashi. Alamar <<, wadda a C take gusar da ƙwayoyin lamba, ta koma ta fitar da rubutu a allo, kowa kuma ya shiga ba alamomi ma'anar da ya ga dama. James Gosling ya ga ɓarnar, sai ya hana abin a Java a 1995, ya bar + kaɗai tana liƙa rubutu da rubutu. A ganina ya wuce gona da iri: mai lissafin kuɗi a Java, in yana son ƙididdiga marar kuskure, sai ya koma rubuta tarawa da kalma, kamar zamanin Alkhawarizmi. Python ta bar ƙofar a buɗe.

Sai dai tsoron Gosling yana da tushe. A JavaScript, idan lambar 5 ta shigo a matsayin rubutu, "5" − 1 tana ba da 4, amma "5" + 1 tana ba da 51. Manomin da ya kai buhu biyar ya ƙara ɗaya, manhaja za ta rubuta masa hamsin da ɗaya ba tare da ta yi gargaɗi ba.