Malamin da Ya Zauna: Asalin Hedimastan Ƙauye a Arewa

In ana lissafin malaman boko na farko a ƙasar Hausa, sunayen da ke fara zuwa baki kowa ya san su. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934, kafin a naɗa shi hakimin Rabah. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimastanta. Abubakar Imam ya riƙe alli a Katsina kafin ya koma Zariya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, Shehu Shagari kuwa ya yi hedimasta a Argungu. Dukansu sun ajiye alli sun kama wata hanya, kuma a kan waccan hanyar ce tarihi ya san su. Ni wanda nake so mu waiwaya shi ne ɗayan, wanda aka tura wani ƙaramin gari yana saurayi, ya yi aure a can, ya yi furfura a can, ya koyar da yaro ya kuma koyar da ɗan yaron. Kusan kowane gari na da irinsa. Sau da yawa ma sunansa na yanka ya ɓace, sai dai a ce Hedimasta.

Asalinsa na komawa Nasarawa ta Kano. A 1909 Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a can. Turawan mulki sun riga sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, don haka ba a sakar wa 'yan mishan mara a ƙasashen sarakunan Musulmi ba kamar yadda aka yi a Kudu. Makarantar da za a yi dole ta zama ta gwamnati da En'e, malamanta kuma dole a samo su daga cikin gida. Shi ya sa Ɗan Hausa ya fara da manya, malaman da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, ya koya musu rubutun boko da lissafi don su je su koyar. Malamin boko na farko ɗan zaure ne, kuma laƙabin "malam" da ya shigo da shi aji gado ne daga can.

Sai Kwalejin Katsina ta zo a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, don horar da malamai. Daga baya ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Amma waɗanda suka fito daga Kwalejin kaɗan ne, kuma makarantun Midil na manyan garuruwa da ofisoshin En'e ke shanye su. Malamin elementare na karkara daga wata ƙofar ya fito: ƙananan makarantun horon malamai irin na Toro da Bauchi da Maru. Can ake ɗaukar yaro, a horar da shi 'yan shekaru, a ba shi takardar shaidar malanta mai daraja ta uku. In ya yi ƙwazo ya koma ya samo mai daraja ta biyu, wadda a lokacin ba ƙaramin abu ba ce.

Aikinsa na farko ma ba koyarwa ba ne, neman wanda zai koyar ne. Mutane ba su yarda da boko ba, kuma suna da hujjarsu, tunda wanda ya ci ƙasarsu da yaƙi shi ya kawo ta. Hakimi ya ba dagaci umarni, dagaci ya ba mai unguwa, a kawo yara kaza daga kowace unguwa. Iyaye na ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko su tura su ƙauyen dangi, mai hali kuma ya miƙa maraya ko ɗan bara a madadin nasa. Da damina ta faɗi aji ya zama fayau, kowa ya tafi gona. Malami ke bi gida gida yana sallama, yana lallashi, wani lokaci da dogari a bayansa. Abin da ya karya wannan ƙiyayya a hankali, a ganina, halin mutumin ne. Jama'a sun zuba ido sun ga yana sahun gaba a masallaci, yana zuwa suna da jana'iza, bai raina limami ba, 'ya'yansa na cikinsa ma suna makarantar allo da asuba kafin su sa yunifom. Daga nan uba ya fara cewa, "To, Malam, ga amana nan."

Wanda bai rayu a ƙaramin gari ba a wancan zamani zai yi wuya ya gane girman wannan mutum. Shi ke karanta wasiƙar ɗan da ya tafi Kurmi ko Gwanja neman kuɗi, shi ke rubuta amsa, kuma ba a taɓa jin sirrin gidan wani daga bakinsa ba. In takardar haraji ta rikice ko sammaci ya zo daga kotun alƙali, ƙofarsa ake nufa. Rediyonsa ne na gari, in an yi isha'i a shimfiɗa tabarma a saurari labarai. Jarida in ta iso, ko da ta kwana bakwai a hanya, shi ke karanta wa dattawa. Da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, makarantarsa da allonsa sun zama wurin da magidanta ke koyon haɗa baƙi da wasali da yamma. A aji kuwa shi ne komai: Hausa, lissafi, labarin ƙasa, kiwon lafiya, gonar makaranta, fareti. Da Ka Koyi Karatu yake farawa, har yaro ya kai ga Magana Jari Ce. Yana duba farce da haƙori kowace safiya. Yana da bulala, kuma ba zan ce kullum da adalci take sauka ba. Akwai waɗanda tsoronta ya kora daga makaranta har abada. Amma shi ɗin ne dai zai hau kekensa ya yi tafiyar yini don ya roƙi wani uba ya bar ɗansa ya wuce Midil, wani lokaci har da kuɗin mota daga aljihunsa.

Shekarar 1976 ce ta sauya komai. A watan Satumba gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, kuma a shekarar ce aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, zamanin En'e ya ƙare. Niyyar mai kyau ce, miliyoyin 'ya'yan talakawa sun shiga aji ta dalilinta. Sai dai yaran da suka fito sun zarce lissafin da aka yi. Aka buɗe makarantu a ƙarƙashin bishiya, aka horar da malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don masu koyarwa su ƙaro ilimi suna bakin aiki. Tsohon hedimasta ya wayi gari da ɗalibai ninkin ba ninkin, da mataimakan da wasunsu shi ya kamata ya zaunar ya koyar.

Da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, malamin firamare ne ya fara ji a jikinsa. Albashi ya riƙa yin watanni bai zo ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya cinye darajar ɗan abin da ake biya. Mutumin da a da ake alfahari da ba shi 'ya, ya koma mai cin bashi a kantin ɗalibinsa. Masu ƙwazo suka gudu zuwa wasu ayyuka, aikin koyarwa ya zama mafakar wanda ya rasa, a wasu wurare ma ya zama kyautar da ɗan siyasa ke raba wa magoya baya. An soke kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu, aka mayar da takardar NCE mafi ƙarancin shaida. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, wato UBE, a Sakkwato a 1999. Duk da haka, a 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa ta ce fiye da dubu 21 sun faɗi. An yi ta jayayya kan yadda aka yi jarrabawar, amma ba wanda ya musa cewa ajin ya lalace.

Cikin wannan duka akwai waɗanda ba su motsa ba. Sun cika shekara 35 ɗinsu cur, suka yi ritaya, suka koma gona da limancin unguwa. A 2022 aka sa hannu kan dokar da ta kai shekarun ritayar malamai 65 na haihuwa ko 40 na aiki, amma ba ta iske su ba. Abin da ya iske su shi ne layin tantance 'yan fansho, inda tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai ke yini a rana riƙe da fayil, wani sa'in a gaban jami'in da shi ya koya wa riƙon fensir. Da yawa sun rasu ba su ga giratutinsu ba.

Likitan farko na garinku, da alƙalin farko, da mace ta farko da ta kai sakandare, a bincika, za a tarar hannu ɗaya ne ya rubuta sunayensu a rajista. Tsofaffin rajistocin nan da littattafan da hedimastoci ke rubuta abin da ya faru kowace rana suna nan a wasu makarantu, gara na cin su a kabad. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su karɓo su su adana. Malaman da ke raye kuma a je a gaishe su, a ɗauki muryarsu suna ba da labarin yadda aka kafa makarantar, a bi musu haƙƙinsu na fansho tun suna iya cin moriyarsa. Mai karatu, in naka malamin na da rai, kada Sallah mai zuwa ta wuce ba ka taka ƙofar gidansa ba.