Daga Akushi Zuwa Kula: Tarihin Adana Zafin Abincin Biki a Ƙasar Gaya da Ajingi

Gaya na cikin tsofaffin garuruwan ƙasar Kano. Tarihin baka ya ambaci Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suka sauka a Dala neman tama. A yau kuwa Gaya da Ajingi da Albasu ne suka haɗu a masarautar Gaya mai daraja ta biyu, bisa dokar jihar Kano ta 2024. Wannan maƙala za ta dubi wani ɓangare na tarihin zaman jama'ar wannan yanki da ba a cika kulawa da shi ba, wato yadda ake kai abincin suna ko na aure ga jama'a da zafinsa.

Al'amarin ba ƙarami ba ne, domin a wurin Bahaushe tuwon da ya huce ɗumame ne, abincin 'yan gida da safe. Gidan da ya aika wa baƙo ko suruki da shi ranar biki ya zubar da mutuncinsa.

A zamanin da, dabara uku ce. Ta farko ita ce lokaci: mata kan raba aiki, a tuƙa tuwo tukunya bayan tukunya, a kwashe da mara, yara su kai gida-gida nan take. Ta biyu ita ce tukunyar ƙasa, wadda ake barin miya a cikinta bisa garwashi. Ta uku ita ce mazubi, wato akushi da ƙwarya, a rufe da faifai. Itace da duma ba sa saurin fitar da zafi, shi kuwa faifai yakan bar tururi ya fita kaɗan-kaɗan, don haka tuwo ba ya jiƙewa.

Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kayan Turai suka yawaita a kasuwanni. Sannu a hankali kwanukan ƙarfe masu fenti suka maye gurbin akushi, har suka zama kayan jeren amare. Sun fi kyan gani da sauƙin wanki, amma ƙarfe na saurin hucewa, shi ya sa akan naɗe kwano da zane. Wato an sami ado, an yi hasarar zafi.

Maganin wannan ya zo ne daga nesa. A 1892 James Dewar ya ƙirƙiro kwalba mai bango biyu a Ingila, wadda ta zama asalin fulas. Kular roba ta abinci ma bango biyu gare ta, da soso a tsakani. Ita ce ta ba da damar dafa shinkafar ɗaruruwan mutane tun da safe.

Sai dai kula ta zo da nata haɗarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin a riƙe dafaffen abinci sama da digiri 60, kada kuma a bar shi ya wuce awa 2 a ajiye yana hucewa, domin ƙwayoyin cuta a ɗumi suke hayayyafa. Kula ba ta ƙara zafi, jinkirta hucewa kawai take yi. Ashe ke nan dabarar kakanninmu ta farko, wato a raba abinci da zarar an sauke, har yanzu ita ce mafi aminci, ko da kuwa mazubi ya sauya.